Ƙarar da Inno Ke Jira

Ranar kasuwar Kankiya ya fara ganinta. Yana tsugune ƙarƙashin dalbejiyar da yake jera baburansa, hannunsa duk baƙin mai, sai inuwar mutum ta faɗo kan tayar da yake gogewa.

Budurwa ce doguwa, da gyale ruwan toka da jakar littattafai a kafaɗa. Ba shi take kallo ba. Baburan take bi ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa tanki, ta leƙa salansa, kamar mai neman wata fuska a cikin taro.

"Saye za a yi?" in ji Basiru.

"Kallo."

"Kallo kyauta ne."

"Ai shi ya sa na tsaya. Da na biya ne da tuni na wuce."

Saura kaɗan ya yi murmushi. "Mi kike nema?"

Ta sake duban baburan. "Babu shi nan," ta ce, ta juya ta tafi.

Zamanin nan ne da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya sauka ga ma'aikata. Malaman makaranta da akawuna suka sayi manyan babura masu faɗin sirdi da nauyin kai. Ba a daɗe ba wasu suka gaji da hidimarsu, wasu suka faɗi suka tsorata, aka fara sayarwa. Basiru ya gama sakandare bai sami aikin ofis ba, sai ya kama saye da sayar da na hannu. Ba shi da yawan magana. Ciniki ma a taƙaice yake yin sa.

Wata kasuwar ta sake zuwa, ta sake bin baburan da kallo. Wannan karon ya shimfiɗa mata tsumma mai tsabta a kan benci. Ta zauna. Sunanta Haulatu, ɗiyar Malam Kabo na Kusada, tana koyarwa a firamare, takan shigo Kankiya karɓar alli da littattafai.

"Kai kullum haka kake?" ta tambaye shi. "Ko haraji ake karɓa a kan magana?"

"Ina ji dai."

"To, Malam Shiru, a ci gaba da ji."

Sunan ya bi shi. Shi kuma bai iya faɗin abin da ke ransa a gabanta ba, sai ya sayi katin gaisuwa ya aika gidan rediyo a Kaduna. Wata yamma Haulatu na tankaɗe a tsakar gida, rediyon babanta na kan taga, ta ji mai gabatarwa yana cewa:

"Malam Shiru na bakin kasuwar Kankiya yana gaida Haula 'yar Kusada. Ya ce bencin yana nan, ya hana kowa zama."

Rariyar ta kuɓuce mata. Mahaifiyarta, Inno, ta dube ta, ta dubi rediyon.

Da ya fara zuwa zance Kusada, sharaɗi ɗaya ta kafa masa. Ya riƙa barin babur wajen mai faci a bakin kasuwa, ya ƙaraso da ƙafa.

"Inno ba ta son ƙarar babur kusa da gida," ta ce. "Yayana Dawuda ya yi tafiya. Tun daga nan take haka."

Basiru ya ce to. Bai tambayi wace tafiya ba. Haka aka koya masa. Gajere, dillalin da ya ɗora shi kan sana'a, ya sha gaya masa: ka saurari inji, ka duba taya, amma kada ka tambayi abin da ya raba babur da mai shi. In ka ga gaba ya lanƙwashe, ka miƙe shi, ka sake fenti, ka kai wani gari. Mai saye ba ya son labari.

A farkon damina Gajere ya kawo masa wani baƙin babur, babba, mai dogon sirdi. Gaban ya karkace, busasshiyar laka ta cika cikin fitila, lambar babu. Basiru ya san abin da waɗannan alamu ke nufi. Ya miƙe gaban, ya wanke injin, ya yi masa fenti ja mai duhu. Da ya buga kik, sai ya ji ƙarar da bai taɓa ji ba. Wani ya huda salansa ɗaya da gangan, ƙarar ta yi kauri, in an sassauta mai kuma sai ta sarƙe kamar tarin dattijo. Ta yi masa daɗi, ya bar ta. A ƙarƙashin sirdi ya ga 'yar laya cikin jar fata, ɗaure da zare. Ita ma ya bar ta.

Cikin makon ne Haulatu ta ce masa, "Baba ya ce ka zo ran Juma'a bayan la'asar, shi gan ka."

Ya sa farin kaftani mai guga. An yi ruwa da safe, hanyar cikin gari duk caɓi. Da ya iso bakin kasuwar Kusada ya dubi lakar, ya dubi takalminsa, ya dubi jan baburin da ba shi da na biyu a duk Kankiya. Ya ce a ransa, yau ɗaya dai. Ya wuce mai faci bai tsaya ba.

A ƙofar gidan Malam Kabo ya sassauta mai. Babur ya yi tarinsa.

Kafin ya sauke ƙafa ya ji gudu daga cikin gida. Wata dattijuwa ta fito ta zaure, ba mayafi, ba takalmi, hannunta duk garin dawa.

"Dawuda! Dawuda!"

Maƙwabtan da ke zaune a dakali suka miƙe. Ɗan fari ne Dawuda, tun da Inno ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. Yau ga shi tana kiransa a bainar jama'a.

Ta iso ta kama hannun kaftanin. Ta ɗaga kai ta ga fuskar da ba ta sani ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zauna cikin lakar.

Mata suka kama ta suka shige da ita. Malam Kabo ya fito, dogon mutum mai furfura, carbi a hannu. Bai amsa gaisuwar Basiru ba. Ya zagaya baburin, ya shafa salansar da aka huda, ya ce a ɗaga sirdi. Da ya ga jar layar, ya ɗora yatsa a kanta.

"Uwarsa ta ɗaura wagga da hannunta," ya ce. "Shi kuma ya huda wanga ƙarfe don ta riƙa jin sa tun daga bakin kasuwa ta ɗora tukunya. Damina biyu ke nan da ya taso daga wajen aikinsa a Funtuwa zai zo Salla. Ba shi, ba labari. Ina ɗana?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ina ka samo wanga?"

"Na saya."

"Hannun wa?"

"Gajere."

"Shi kuma fa?"

Basiru ya sunkuyar da kai. "Ban tambaya ba."

Malam Kabo ya gyaɗa kai a hankali. "Ɗauki kayanka. Ka tura shi da hannu har ka fita garin ga, kada in ƙara jin sa. Kai ma kada ka ƙara taka ƙofata sai da labarin ɗana."

Yana tura baburin cikin laka Haulatu ta cim masa a bayan masallaci. Idonta ya yi ja.

"Da ka saye shi, ka ga alamar an faɗi da shi?"

"Na gani."

"Ka ga layar?"

"Na gani."

"Layar mutum, Basiru. Wata ta zauna ta ɗaura. Ba ka ce ko ina mai ita ba?"

"Ba a tambaya a sana'armu."

"Na sani. Ni ma kullum ina zuwa ina leƙa babura a gabanka. Sau ɗaya ka ce mi nake nema, na kasa faɗi, kai kuma ka ji daɗin shirun." Ta share hawaye da bakin gyale. "Da na zaci shirunka zurfi ne."

Ba ta ce masa Malam Shiru ba. Ta koma.

Inno ta kwanta ciwo. Magana ta bazu har Rimaye cewa an kama Basiru da baburin ɓataccen mutum. Amiru, wani akawun ƙaramar hukuma da ya daɗe yana neman Haulatu, shi ya fi kowa yaɗa ta. Yakan ce masu na hannu ai duk kayan sata suke wankewa da fenti. Ya fara zuwa gaida Inno da lemo da magani. Malam Kabo ya ce wa ɗiyarsa ba zai yi mata dole ba, amma ta cire mai babur daga ranta.

Masu saye suka ɗauke ƙafa daga ƙarƙashin dalbejiya. Basiru yakan zauna ya dubi bencin da ba kowa.

Gajere ya same shi a haka. "Kai, tashi! Gobe akwai mai zuwa Maraɗi. A sake masa fenti, a canza salansa, a haye da shi iyaka. Wata ɗaya kowa ya manta."

"Hannun wa ka saye shi?"

"Mi ka ce?"

"Hannun wa?"

"Yaro, in ka fara bin bayan babur ba wanda zai ƙara sayar maka da ko fulogi. Mu ba 'yan sanda ba ne."

"Na ji. Hannun wa?"

Gajere ya zage shi tas, ya kira shi ɗan boko marar kai. Da ya gaji ya ce wani tela ne a Malumfashi.

Basiru ya rufe sauran baburan da tamfol ya kama hanya a kan jan baburin. Telan ya ce shi ma a wajen wani mai sayen auduga ya samu. Mai audugar ya yi ta noƙewa, yana zaton rigima ce, sai da Basiru ya kwana a rumfarsa ya ci tuwonsa sannan ya buɗe baki. Ya kwatanta masa wani ƙauye da ake kira Gidan Dinya, nesa da titi, a bakin rafi. Ya ce ya nemi Bubayero, mai unguwa.

Bubayero tsoho ne siriri mai sanda. Tun kafin Basiru ya kashe injin ya fito daga zaure ya tsaya.

"An sake masa riga," ya ce, "amma muryar tana nan. Kai ɗan uwansa ne?"

"A'a. Aiko ni aka yi."

Tsohon ya zaunar da shi ya ba shi labari. Jajibirin Salla ne, an kwana ana ruwa, rafi ya cika ya batse. Wani saurayi mai fara'a ya iso, ya ce gadar titi ta karye shi ya sa ya yanko ta nan. Suka ce ya kwana, da safe ruwa zai janye. Ya yi dariya ya ce tsohuwarsa na can tana kasa kunne. Ya shiga.

"Washegari muka same shi can ƙasa, a jikin saiwar dinya. Takardun aljihunsa sun narke. Muka yi masa wanka, muka sallace shi da kayan Sallarmu a jiki. Baburin muka ajiye a zauren ga har shekara ta zagayo, muna cigiya a kasuwanni. Ba wanda ya zo. Sai muka sayar muka rufe masallaci da kwano, ladan ya je masa."

Ya shiga ciki ya fito da ƙunshi. Turmin atamfa ne shuɗi, ruwa ya ɓata gefensa, an ninke shi da kyau.

"Wannan na ɗaure a bayansa. Matata ta hana a taɓa. Ta ce na wata ne."

Basiru ya je ya ga kabarin, an kewaye shi da ƙaya. Ya yi addu'a. Sannan ya sauka bakin rafin ya zauna, ƙunshin a kan cinyarsa. Ruwan na tafiya a hankali, ko gwiwa bai kai ba.

In ya koma ya ce bai sami komai ba, Inno za ta ci gaba da kasa kunne, shi kuma ya rasa Haulatu. In ya faɗi gaskiya, shi ne mutumin da ya kawo mutuwa gidan. Duk sanda ta dubi fuskarsa abin da za ta tuna ke nan. Ta kowace hanya bai ga kansa da ita ba. Ya dubi atamfar. Ta wata ce. Ya tashi.

A bakin kasuwar Kusada ya bar baburin wajen mai faci. Ya taka har firamare, ya tsaya jikin katanga sai da aka tashi yara. Haulatu ta fito da alli a yatsunta. Ta rame.

"Haula."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙunshin. "Ka same shi?"

"Na sami inda yake."

Ta jingina da bango. Ba ta yi ihu ba. Hawaye kawai ke zuba. Can ta ce, "Ya wahala?"

"Sun ce yana dariya ya shiga ruwan. Yana sauri ya iso wurin Inno."

"Ka tambaya."

"Na tambayi komai. Wanda ya yi masa wanka, wanda ya ja salla, gefen da aka sa kansa. Duk abin da za ki so sani na tambayo."

Ta rufe fuska da gyale ta yi kuka mai tsawo, shi kuma yana tsaye, hannunsa a baya. Da ta lafa ta ce, "Mu tahi gida. Kai za ka faɗa wa Baba. Ni ba zan iya ba."

A zaure Malam Kabo ya saurare shi har ƙarshe. Ya yi salati. Ya karɓi atamfar ya shiga da ita ciki. Basiru ya ji muryar Inno ta tashi sau ɗaya, sannan gidan ya yi tsit.

Da dattijon ya fito ya ce, "Mota na zuwa ƙauyen?"

"Ba ta zuwa da damina. Sai babur."

Malam Kabo ya rantse tun ɓatan ɗansa ba zai ƙara hawa babur ba. Ya daɗe yana jan carbi. "Zan yi kaffara," ya ce. "Ka zo da shi da safe."

Suka tafi su biyu, tsohon a baya, ya riƙe kafaɗun Basiru da ƙarfi. A Gidan Dinya ya rungume Bubayero kamar sun shekara da sanin juna. Ya yi salla a masallacin mai rufin kwano, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin. A bakin kabari ya durƙusa. Basiru ya ja baya ya ba shi wuri.

Da za su dawo suka iso bakin rafin. Basiru ya tsaya, ya kashe injin, ya sauka ya naɗe wando. Ya shiga da ƙafa ya auna zurfin har tsallake, ya dawo, ya kama hannun Malam Kabo ya haye da shi, sannan ya koma ya turo baburin.

Tsohon na tsaye a gaɓa yana kallonsa. Da ya iso ya ce, "Na zaci kai ka raba ni da shi. Ashe kai za ka kai ni." Ya goge ido da hannun riga. "In an share makoki, an kai amfanin gona gida, ka turo manyanka."

Aka yi zaman makokin da ya makara damina biyu. Mutane suka zo daga Dudunni da Fakuwa. Amiru ya zo ya yi ta'aziyya, ya ga inda aka zaunar da Basiru kusa da mai gida, bai ƙara dawowa ba. Wasu dillalai sun daina kawo wa Basiru kaya, kamar yadda Gajere ya faɗa, don yanzu duk baburin da aka kawo sai ya tambayi mai shi da abin da ya raba su. Baburan da ke ƙarƙashin dalbejiya suka ragu. Bai damu ba.

Ana cikin yankan dawa, yana gyaran sarƙar wani babur, rediyon mai shayi na kusa ya ce:

"Haula 'yar Kusada tana gaida Malam Shiru na bakin kasuwar Kankiya. Ta ce a share bencin, mai shi na nan tafe."

Mai shayi ya kwashe da dariya. Basiru ya sunkuyar da kai kan sarƙar, ya daɗe bai ɗago ba.

Ana saura kwanaki ɗaurin aure Inno ta aika a kira shi. Ya same ta zaune a kan tabarma, sanye da shuɗiyar atamfar, gefen da ruwa ya ɓata ta mayar ciki. Ya durƙusa daga nesa.

"An ce za ka sayar da shi," ta ce.

"Eh, Inno. Zan canza salansar in kai shi nesa. Ba za ki ƙara jin sa ba."

"Wa ya ce maka ba ni son jin sa?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Da ina jin kowane babur ina tashi, don ban san inda yaron yake ba. Yanzu na sani. Yana kwance cikin Musulmi, an yi masa sutura." Ta gyara bakin zanen. "Kada ka sayar. Kada ka toshe hujin. Za ka ɗauke mini ɗiya zuwa Kankiya. In za ku zo, ina so in ji ku tun daga nesa."

"To, Inno."

"To kawai? Haulatu ta ce ka fara magana."

"Ina koyo."

Ta yi dariya, ta farko tun ranar Juma'ar nan.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Kabo bayan an kai dawa rumbu. Bubayero ya zo da sandarsa, aka zaunar da shi a sahun gaba. Gajere ma ya zo, yana ta gunaguni cewa ya yi asarar yaro mai hannu, amma shi ya raba goro. Ba a yi kiɗa mai yawa ba. Liman ya yi addu'a ga ango da amarya, ya haɗa da Dawuda, jama'a suka shafa.

Da aka kai ta ɗakinta a Kankiya, 'yan rakiya suka watse, Basiru ya zauna a bakin gado ya rasa ta cewa.

"Malam Shiru," ta ce daga cikin lulluɓi, "yau ma ji za a yi?"

"A'a. Tambaya gare ni."

"Yi."

"Mi kike nema yanzu?"

Ta ɗaga mayafin kaɗan ta dube shi. "Yana nan," ta ce.

Juma'ar da ta fara fita, ya ɗauke ta zuwa Kusada. Inno na tsakar gida tana tsince wake. Daga can bakin kasuwa ƙarar ta taso, mai kauri, ta sarƙe, ta sake tasowa. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta rufe ido, leɓenta na motsi.

Malam Kabo ya leƙo daga ɗaki. "Su ne."

"Na ji," ta ce. "Allah Ya kawo su lafiya. Ya jiƙan wanda ya riga mu, Ya yi wa waɗannan albarka."

Ta ajiye faifan, ta ɗauki mayafinta ta yafa, ta tafi a hankali ta ɗora tukunya.